Rabin Maganar da Na Bari a Tasha

Unguwar Wambai,
Suleja.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Bida lafiya, ka samu ɗaki mai kyau da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da ruwan da cikinka bai saba da shi ba, da mugun aboki mai daɗin baki. Mu nan kowa lafiya, sai godiya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Ni ma na yi. Ka san Malam Audu akawu ne yake rubuta mini duk takardun da nake aika wa 'yan kwangila, ni sa hannu kawai nake yi. Amma wannan ba ta akawu ba ce. A fom uku na tsaya, ban ɓoye wa kowa ba, kuma da fom ukun nan na tashi daga mol ɗaya na buga bulo da hannu da baro ɗaya na aro har na kai ga injin bulo da tifa biyu. Rabin katangun da ka gani a kan hanyar Abuja, in ka ƙwanƙwasa su za su gaya maka sunana. Saboda haka in ka ga kuskure a rubutun, ka bar shi yadda yake, ba jarrabawa nake rubuta maka ba.

Abin da ya sa na zauna na ɗauki biro, Goggonka Asabe ce. Bayan tafiyarka ta zo ta same ni a gidan bulo, ana tsakar aiki, ta ƙi kujerar da aka kawo mata, ta zauna a kan bulo. In Yaya Asabe ta ƙi kujera, to da magana.

Ta ce, "Garba, me ka ce wa yaron nan a tasha?"

Na ce, "Alheri na faɗa masa, Yaya. Ai kina wurin. Na ce idan ya ci karatun nan ya fito da takarda, filina na Madalla nasa ne, in gina masa shagon kwamfuta a kai da bulona."

Ta ce, "Sai kuma me?"

Na ce, "Sai mota ta tashi."

Ta ce, "Mota ba ta tashi ba, ana ɗaure kaya ne. Kai ne ka juya kana gaisawa da mai sayar da siminti."

Sai ta kwance bakin mayafinta ta ɗora mini makullin ɗakinka a tafin hannu. Ta ce kai ka ba ta, ka ce ta ba ƙaninka in ya girma. Ta ce ka kwashe komai, har allonka na makarantar Malam. Ta ce tantabarunka da ka ƙi sayarwa ko da aka taya su da kyau, ka bayar da su kyauta ga Malam Sule tela. Ni duk ban sani ba. Ta ce ta tambaye ka ko ba ka da niyyar dawowa ne, sai ka ce mata, "Goggo, in na ci zan dawo. Ɗayan kuma Baba bai faɗa ba."

Ta ce, "Wai ba ka sa masa alsi ba. Ni ban san alsi ba, ko magani ne ko wani irin siminti ne. Kai da ka yi boko sai ka nemo shi ka sa masa."

Na ce mata maganar yara ce. Ta tashi ta kaɗe zaninta ta tafi ba ta yi mini sallama ba. Tun ranar kaina yake ɗaure, kuma ni ba mutum ba ne da ya saba zama da ɗaurin kai.

Na san kalmar da take nufi. Kai ka nuna mini ita, ranar da ka matsa mini na bi ka shagon Oga Tunde na bayan kasuwa, inda ka yi watanni kana koyon kwamfuta kafin takardar makaranta ta fito. Na je ne don in ga abin da ke hana ka zuwa gidan bulo. An ɗauke wuta, aka ta da janareto, ka zaunar da ni gaban gilashin nan baƙi mai fararen haruffa. Ka ce harshen da kuke yi wa injin magana da shi sunansa Besik, kuma za ka nuna mini yadda inji yake yanke hukunci. Ka buga layi ɗaya. Na karanta da kaina, don Turancin bai fi ƙarfina ba: IF, wato idan. THEN, wato to. ELSE, wato in ba haka ba. Ka ce layin yana cewa, idan makin ɗalibi ya kai arba'in, to a rubuta PASS, in ba haka ba a rubuta FAIL.

Ka ce in ba shi maki. Na danna sittin da yatsa ɗaya, ya ce PASS. Na danna goma, ya ce FAIL. Har nan na gane, har na ji a raina ashe abin ba wani abu ba ne. Sai na danna talatin da tara, don in ga hankalinsa. Ya ce FAIL.

Na ce maka, "Maki ɗaya ne fa ya rage."

Ka ce, "Baba, shi bai san saura kaɗan ba. Tambaya ɗaya yake yi, ya kai ko bai kai ba. Amsa kuma biyu ce, gaskiya ko ƙarya."

Na ce, "To in ɗan maƙwabcinsa ne fa?"

Oga Tunde ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da maƙwabci."

Har yau wannan bai zauna mini ba. Ni a gidan bulo, bulon da kusurwarsa ta ɗan gutsure ba na kai shi Abuja, amma ba na zubar da shi. Akwai mai gina bayan gida, akwai mai kewaye rijiya, akwai tsohuwar da katangarta ta faɗi. Tsakanin mai kyau da marar kyau akwai wuri mai faɗi, kuma a wurin nan rabin mutanen garin nan suke zaune. Ka ce ai ana iya ƙara masa sharaɗi na uku da na huɗu, amma sai an rubuta masa kowanne da hannu, ba ya ƙirƙiro wa kansa. To wa zai zauna ya rubuta duk tsofaffin Wambai da katangunsu? Ban sani ba. Wataƙila abin da za a koya muku ke nan a shekara ta biyu.

Sannan ka yi wani abu da na ɗauka wasa ne. Ka ce, "Baba, duba abin da zai faru in aka manta da ELSE." Ka goge rabin layin na ƙarshe. Na sake danna talatin da tara. Bai ce PASS ba, bai ce FAIL ba. Ya rubuta Ok, ya yi shiru yana ƙifta ido. Ka ce tunda sharaɗin bai cika ba, kuma ba a gaya masa abin da zai yi a ɗaya ɓangaren ba, wucewa kawai yake yi kamar ba a taɓa kawo masa ɗalibin ba. Na yi dariya ranar, na ce wannan inji ya iya zama da manya. Ban san kana ajiye abin a ranka ba, ban kuma san ni ne zan goge rabin layi a tasha ba.

To bari in gaya maka abin da na sani, don ni ma ina da nawa karatun, ko da ba a gilashi na yi shi ba.

Shekarun da aka fara tururuwar gini a Abuja, kana ƙarami, ina da wani ma'aikaci Ɗanjuma, manomi ne daga wajen Gauraka, yana zuwa aiki in gona ta yi sauƙi. Dattijo ne mai amana, ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba. Ka san sabon bulo yana son ban-ruwa kwanakin farko, in ba haka ba simintin ba ya kama jikinsa. Tafiya ta kama ni zuwa Kaduna neman wani ƙarfe na inji, muna da bulo jere cike da fili. Ina sa ƙafa a mota na ce masa, "Ɗanjuma, idan rana ta buɗe ka yi musu ban-ruwa safe da yamma." Ya ce to.

Ƙarshen damina ne. Duk kwanakin da na yi, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ba rana ba ruwa, sai iska. Na dawo na ɗaga bulo ɗaya, ya ruguje a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Na ɗaga na biyu, haka. Na yi faɗan da har masu wankin mota na tsallaken titi suka leƙo. Da na gaji, Ɗanjuma ya ce, "Alhaji, rana ba ta buɗe ba."

Na ce, "Ba ka da ido? Ba ka ga suna bushewa ba?"

Ya ce, "Na gani. Amma da na zuba ruwa, sannan hadarin nan ya sauka a kansu suka narke, me za ka ce?"

Na ce, "Zan ce wa ya sa ka."

Ya ce, "To ka gani."

Shekaru ina ba da labarin nan a matsayin labarin wautar Ɗanjuma. Sai a makon nan na lura ba wawa ba ne, tsorona yake ji. Mutumin da ba ya shakkarka yana jin maganarka ya ƙara nasa hankalin a kai. Wanda yake shakkarka kuwa, iyakar abin da ka furta nan yake tsayawa, don nan ne kawai ba za a zage shi ba. Ban san ko injinku tsoro yake ji ba, amma aikinsa irin na mai tsoro ne. Shawarata ita ce, duk ranar da ka zama mai ba da umarni, ga mutum ko ga inji, kada ka tsaya a ɓangaren da kake fata. Ka faɗi ɗayan, ko da bakinka ba ya so. Kuma in wani babba ya ba ka rabin magana, ka tsaya ka tambaye shi sauran cikin ladabi. Ko ni ne. Da ka ce, "Baba, in ban ci ba fa?" da na ɓata rai, wannan gaskiya ne, amma da ba ka bayar da tantabarunka ba.

Na biyu, Isa Dogo direban tifa, wanda ka sani. Na taɓa aikensa da bulo wani saiti da ake gini a bayan Zuba, wurin wani ɗan kwangila da ban gama yarda da shi ba. Na ce, "Idan ka isa saiti ka sauke kaya. Idan kuma ka ga mutumin ba ya nan, ka dawo da su." Isa ya isa saiti. Magana ta farko ta tabbata, ya sa lebura suka sauke. Da aka gama sai ya shiga neman mutumin, aka ce ai ya yi kwana biyu ba a gan shi ba. Lebura sun watse, babu mai mayar da kaya mota. Washegari da muka koma, bulona ya riga ya shiga katangun mutane uku da ban san su ba.

Da na ba ka labarin nan a shagon Oga Tunde, cewa ka yi inji ma haka zai yi, daga sama yake farawa yana gangarowa, abin da ya fara tararwa shi yake fara aikatawa, ba ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai wata magana. Ka ce da sai in sa idan a cikin idan: idan ka isa, to ka duba, idan mutumin yana nan, to ka sauke, in ba haka ba ka dawo. Ka buga mini shi. Na ga IF biyu da ELSE biyu, na tambaye ka wanne ELSE ne na wanne IF, ka nuna mini da yatsa, na ce na gane. Ban gane ba. Sun yi mini kama da yaran gidan haya, kowa yana tsakar gida, sai an yi faɗa ake sanin ɗan wane ɗaki ne. Abin da na ɗauka dai shi ne, abin da ya fi hatsari shi ake sa wa a gaba, kafin a sauke kayan da ba za su koma mota ba. Kai ma ka riƙe wannan. Kafin ka ba wani amanarka a makarantar nan, kafin ka bi wasu samari zuwa wani taro da ba a faɗin sunansa da rana, ka fara tambayar da ta fi nauyi. Muna jin labarin ƙungiyoyin asiri a manyan makarantu, kuma an ce shiga ake yi, ba a fita.

Akwai wani abu kuma da ya dame ni tun ranar, ban tambaya ba don kada Oga Tunde ya sake dariya. A ina ake sa in Allah ya yarda? Mu duk maganar da ta fara da idan, da shi take ƙarewa. Idan damina ta yi kyau, idan an biya kwangila, idan mun kai baɗi. Na duba layin nan naka daga farko har ƙarshe ban ga gurbinsa ba. Na tambayi Liman bayan sallar la'asar, a kaikaice, ban ce kai ne ba. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma a ganinsa guduma ma ba ta cewa in Allah ya yarda, mai riƙe da ita ne yake faɗa. Amsar ta yi mini, amma ba duka ba, don guduma ba ta taɓa ce wa ɗan mutum FAIL ba. Ko ma dai yaya ne, kai ka riƙa faɗa kafin ka kunna, kuma kada karatun idan da to ya sa ka ɗauka kai ne mai riƙe da to ɗin. Sallarka kuma kada ka haɗa ta da kowane sharaɗi.

Yanzu maganar tasha. Na yi ta juya ta ina neman inda na yi kuskure, kuma wallahi da farko ban gani ba. Haka mahaifina, wanda sunansa kake ɗauke da shi, ya sallame ni ranar da na bar makaranta na ce bulo zan buga. Cewa ya yi, "Idan ka yi arziki mun ji daɗi." Bai ƙara ba, ni ma ban jira ƙari ba. Kuma kai ɗan fari ne. Ka san al'adarmu, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, mahaifiyarka ma ko kallonka ba ta yi in da baƙi. Ƙannenka suna hawa kafaɗata, kai kuwa aike da umarni ne kawai tsakaninmu. Ni a wurina wannan girmamawa ce, kuma na ɗauka ka sani. Yaya za a yi in tsaya a tsakiyar tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho da mai siminti, in ce wa ɗan farina ko ka faɗi ina son ganinka? Bakina ba zai iya ba. Ko yanzu da nake rubutawa sai da na tashi na zagaya tsakar gida na dawo.

Kuma ni a ganina ba a yi wa mai tafiya zancen faɗuwa. Kullum ina gaya wa mutane cewa ban taɓa yi wa kaina tanadin faɗuwa ba, shi ya sa ban faɗi ba. Na faɗi haka a gaban Goggonka da na je ba ta haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Kai? Wa ya kwana wata da watanni a zaurena shekarar da rafi ya cinye maka fili?"

Na manta, ko in ce na daina tunawa. Filina na farko a bakin rafi yake, don yashi da ruwa suna kusa, na ɗauka dabara ce. Ruwa ɗaya aka yi mai ƙarfi, ya tafi da bulo da siminti da rumfar da nake kwana. Ban tsaya tunanin inda zan nufa ba, ƙafata ce ta kai ni gidan Yaya Asabe da laka har gwiwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce mijinta ya ba ni riga, ta zubo tuwo. Babu wanda ya taɓa ce mini in ka faɗi ka zo nan. Na dai sani. To ka ga inda kaina ya ɗaure: ni ba a gaya mini ba amma na sani, kai ba a gaya maka ba sai ka ɗauka babu. Ko laifin karatun nan ne da ya koya maka cewa abin da ba a rubuta ba babu shi, ko laifina ne da ban bar maka wata alama da za ka gane ba, ban iya rabewa ba. Goggonka ta ce na biyun ne. Ita dama ba ta taɓa ba ni gaskiya ba tun muna yara.

Jiya na koma shagon Oga Tunde ni kaɗai. Na ce masa ina da aiki, kuma ba na son dariya. Na ce ya buɗe Besik ɗin ya rubuta abin da zan faɗa: idan ya ci, to ya dawo gida, in ba haka ba, ya dawo gida. Ya buga, ya sa makin arba'in kamar naka. Na danna sittin, gilashi ya ce DAWO GIDA. Na danna talatin da tara, ya ce DAWO GIDA. Na danna sifiri, don ka taɓa ce mini mai hankali yana gwada hanyar da ba ya so kafin ya ce aiki ya yi. Ya ce DAWO GIDA.

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "To in malamai suka tafi yajin aiki aka rufe makaranta fa, kamar yadda ake ta yi yanzu? Bai ci ba, bai faɗi ba. In ciwo ya kama shi fa? In ya ga karatun ba nasa ba ne? Sai na rubuta wa kowanne layinsa?"

Ya ce, "A'a Alhaji. Aikin ELSE ke nan. Duk abin da bai shiga na farko ba, nan yake faɗawa, har wanda ba ka yi tunaninsa ba."

Wannan ne abu na farko a duk karatun naku da ya shiga kaina ya zauna daram.

Amma bai bar ni na tashi da daɗina ba. Ya ƙura wa layin ido ya ce, "Sai dai Alhaji, duka biyun abu ɗaya ne fa. IF ɗin nan ba ya aikin komai. In ɗalibina ya kawo mini wannan zan rage masa maki. A goge shi, a bar DAWO GIDA kawai."

Na ce, "Kada ka taɓa."

Ya ce, "Inji zai yi tambaya a banza."

Na ce, "Ya yi. Ni nake biyan man janareto yau."

Ban san ko shi ne da gaskiya ba, a ilminku wataƙila shi ne. Amma rabin farko na faɗe shi a gaban mutane, kuma ban taɓa janye maganata a kasuwar nan ba. Filin Madalla yana nan, ina so ka ci, ina so ƙwarai, kada ka karanta takardar nan ka je ka kwanta. Rabi na biyun kuma shi ne wanda na bari a tasha, kuma in aka goge IF ɗin babu inda zan rataya shi. Na sa ya fitar mini da layin a takarda da injinsa mai ƙara kamar na niƙa, ga shi nan na naɗe a ciki. Ka duba ko an rubuta daidai, don ni yardar da na yi wa Oga Tunde ba ta kai ta da ba.

Makullinka yana wurina, ban ba kowa ba, ɗakin kuma a rufe yake. Tantabarunka sun ƙi zama gidan Malam Sule. Ya fige musu gashin fiffike, da gashin ya fito suka dawo, ya zo ya kwashe su, suka sake dawowa. Yanzu ya ce ya haƙura. Suna nan suna ɓata mini baranda da rufin mota, ban san abin da suke ci ba, mahaifiyarka ce take watsa musu wani abu in ta ɗauka ba na gani. Ni ba zan iya da su ba. Hutun farko da aka ba ku, ko da sakamako ko babu, ka zo ka san yadda za ka yi da su.

Isa Dogo zai kai yashi wajen Lambata, daga nan zai ba direban Bida wannan takarda. Isa ya ce mini a makaranta babu wanda ya san wani Abba, sai an sa cikakken suna a bayan ambulan. Na ce Malam Audu ya rubuta, sai kuma na karɓe biron. In ka ga harafin farko ya ɗan karkace, hannuna ne, ban taɓa rubuta shi ba.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya ba ka abin da ka je nema, ya tsare ka a zaune da tafe, ya dawo mana da kai lafiya ta kowace hanya ya ga dama. Mahaifiyarka ba ta ce a gaishe ka ba, amma ta tsaya a bakin ƙofa tun da na fara rubutun nan. Goggonka ta ce a gaya maka an sa alsin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Garba Mai Bulo